Kuɗin Ruwa a Adar: Wa Ke Biya, Kuma Ina Dalar Take Kwana?

Da zarar bazara ta kama a Tawa, daga watan Maris har faɗuwar ruwan farko, hira ɗaya ce ke zagaya fada-fada da bakin famfo da ƙofar ma'aikatar magajin gari: ruwa da wuta. Famfo ya kwana biyu yana tsaki, kuran ya ɗauke ana tsakiyar zafin azahar, ga faktir, wato takardar biyan kuɗi, kuma ta iso a kan lokacinta. A irin wannan hali in wani ya ambaci ƙarin farashi, sai taro ya dare gida biyu. Masu cewa "a ba mu ruwan tukuna, sannan a yi maganar ƙari" suna da hujja. Masu cewa "da kuɗin da ake karɓa yanzu ko inji ɗaya ba ya sauyuwa" su ma ba ƙarya suke ba. Na daɗe ina sauraren ɓangarorin biyu, kuma abin da na lura shi ne ana tafka gardamar a kan farashin da ke rubuce a takarda, alhali mafi yawan mutanen Adar ba shi suke biya ba.

Kafin a kai nan, sai an raba zare da abawa game da wanda ke yanka farashi, don nan mutane suka fi ruɗewa. A birane irin su Tawa, Ƙonni da Madawa, ruwan famfo ba a hannun magajin gari yake ba. Tun gyaran da aka yi a 2001 aka raba aikin biyu. SPEN, kamfanin gwamnati, shi ke da rijiyoyin burtsatse da shato (babban tankin ruwa na sama) da manyan tiyo, shi ke ciyo bashi ya gina. Kamfani na biyu shi ke jawo ruwan, ya rarraba, ya karɓi kuɗi. Fiye da shekara 20 SEEN ce ke wannan aiki, wadda kamfanin Veolia na Faransa ke da kaso mafi tsoka a cikinta, har kwangilar ta ƙare a ƙarshen 2023, NDE ta ƙasa ta karɓa. Farashi kuwa gwamnati ke tsayar da shi a Yamai, kuma iri ɗaya ne a duk biranen da ke cikin wannan tsari. Mutumin Yamai da ake tace wa ruwan kogin Kwara a Gudel da Yantala, da mutumin Tawa da ake jawo wa nasa daga ƙarƙashin dutse, kuɗi ɗaya suke biya a kan kowace lita. Wannan adalci ne, kuma ina goyon bayansa, amma ya kamata a san cewa wani wuri ne ke ɗauke wa wani wuri nauyi.

A ƙauyuka labarin daban yake. Dokar ruwa ta 2010 ta ɗora alhakin ruwan sha na karkara a wuyan kwamin, wato ƙaramar hukuma, kuma a 2016 ruwa na cikin fannoni huɗu da gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi, tare da ilimi da lafiya da muhalli. Kwamin ce mai kayan. Ita ke ƙulla yarjejeniya da ɗan kasuwar da zai kula da shato da famfunan gari, a cikin yarjejeniyar ne ake rubuta nawa za a sayar da ruwa, kuma akwai ƙungiyar masu shan ruwa da aka ce ita ce idon jama'a. To a nan ne gardamar ƙarin kuɗi take zama ta gida sosai, tsakanin kwamin da mai kwangila da hakimi da matan da ke layi.

Yanzu mu yi lissafi, don shi ne zuciyar maganar. Ana auna ruwa da mita-kib, wato lita 1000, daidai da jarka 50 masu lita 20, ko tuku 5. Mai kwantar, wato na'urar auna ruwa, a gidansa cikin birni, mita-kib 10 na farko a wata, wanda ake kira kason talaka, kowane ɗaya bai kai dala 30 ba. In ya wuce nan farashin ya hau mataki-mataki. A ƙauyuka da yawa na Adar jarka dala 2 ce a bakin famfo. Dala 2 sau 50, dala 100 ke nan, wato sefa 500 a mita-kib ɗaya. Ka ga baƙauye ya riga ya ninka ɗan birni fiye da sau uku. Sai na ukunsu, mutumin sabuwar unguwa a bakin gari, wanda tiyo bai kai layinsu ba, ko ya kai amma ba shi da kuɗin jawowa. Shi ɗan garuwa ke kawo masa. A unguwannin da na sani jarka dala 5 ce in ana zaman lafiya, da bazara ta kai dala 10. Dala 5 sau 50 jika ɗaya (sefa 1000) da dala 50 ne. Dala 10 kuwa jika biyu da rabi. Mutumin da ya fi kowa ƙaramin ƙarfi, mai haya a ɗaki ɗaya ko matar da mijinta ke ci-rani a Abijan ko Libiya, shi ke sayen ruwa ninki goma, wani lokaci har kusan ashirin, na abin da mai gidan siminti da kwantar yake biya. Ɗan garuwa bai zalunci kowa ba, ƙarfinsa yake sayarwa, ya tura kura cikin rairayi da rana tsaka. Rashin tiyo ne ya haifi wannan farashi.

Shi ya sa in na ji an ce "kada a ƙara ko tamma ɗaya, saboda talaka", nakan tambaya: wane talaka? In an daskarar da farashi shekara da shekaru, wanda ya ci moriya shi ne wanda ruwa ke zuwa har tsakar gidansa. Kuɗin da za a ja tiyo zuwa bakin gari ba su taru ba, don haka mai jarka ya ci gaba da biyan jika biyu da rabi. Ba wai ina cewa duk ƙari alheri ne ba. Ina cewa ne rashin ƙari ma yana da wanda ke biyansa, sai dai shi ba a ba shi faktir, ba a kuma jin muryarsa a rediyo.

Akwai maganar da dattawa ke yi, kuma ba a raina ta: ruwa na Allah ne, ta yaya za a sayar da shi? Gaskiya ne, babu wanda ya halicci ɗigo ɗaya. Abin da ake sayarwa shi ne ɗagowa. Wanda ya san ƙasar Adar, daga duwatsun Keita da Buza zuwa tudun Illela, ya san ruwan kirki yana da nisa. Akwai wuraren da sai an haƙa ɗaruruwan mitoci kafin a taɓa shi. Ɗaga mita-kib ɗaya tsawon mita 100 yana cin kusan rabin kilowat-awa na wuta in an haɗa da asarar da inji ke yi. Ruwan kuma sai ya hau shato kafin ya gangaro. Ke nan a cikin kowace jarka akwai kuɗin wuta ko na gazuwal a ɓoye. A watan Agustan 2022 litar gazuwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668. A Yulin 2024 aka sauko da ita zuwa 618, wanda har yanzu ya fi na da. Duk garin da shatonsa ke aiki da gurup, wato injin janareto, ya ji wannan a jikinsa, amma jarka tana nan a dala 2, don babu wanda ke son a ce a zamaninsa aka ƙara. Mai kwangila ba zai yi asara daga aljihunsa ba. Abin da yake yi shi ne ya rage awannin kunna inji, ko ya jinkirta sauya mai da tacewa, ko ya daina zuba kason da ya kamata ya ajiye.

Wannan kason ajiya shi ne abin da na fi so mai karatu ya riƙe. A tsarin ruwan karkara, kuɗin da aka sayar ba na mai kwangila ba ne duka. Ana raba shi: kaso na gudanar da aiki da ribarsa, kaso na hidimar ruwa ta kwamin, da kaso na wani asusu da aka keɓe don sabunta kayan aiki da faɗaɗa tiyo. Hikimar a bayyane take. Famfon da ke can ƙasan rijiya yana da kwanakinsa, sau da yawa ba ya kai shekara 10. Gurup da awanni ake ƙidaya ransa. Ranar da ɗayansu ya mutu, maganar miliyoyi ake, kuma babu ƙauyen da zai tara su cikin mako ɗaya. Mu ɗauki misalin gari mai sayar da mita-kib 40 a rana a kan dala 100. Jika 20 ke nan a yini, jika 600 a wata. In ana ware ko kashi ɗaya cikin biyar ana ajiyewa, a shekara an tara kusan miliyan ɗaya da rabi, a shekara biyar an haura miliyan 7. Da wannan ana iya sauya famfo ba tare da an je roƙo ba, har a ja layi zuwa sabuwar unguwa. Amma sai in kuɗin suna shiga, kuma suna kwana inda aka ce.

Na ga yadda abin yake in ba su kwana ba. A wani gari na dangin mahaifiyata, famfon rijiya ya ƙone ana cikin bazara. Aka ce a buɗe asusu, sai aka tarar abin da ke ciki bai isa ko kuɗin motar da za ta zo ta zaro tiyo ba. Shekara da shekaru mata suna biyan dala bibbiyu, ba wadda ta taɓa ɗaukar jarka kyauta. Na je gaishe da innata, na same ta da jikokinta sun dawo daga wata tsohuwar rijiya da jaki, ruwan ja wur. Na ce, "Inna, an ce in an gyara za a mai da jarka dala 3." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ko dala huɗu ce mu biya, ai ya fi wahalar ga. Amma wa ya ci na da? A faɗa muna wannan tukuna." Daga ƙarshe 'yan garin da ke ci-rani ne suka yi karo-karo suka aiko. Kowa ya yi musu addu'a, kuma sun cancanta. Sai dai ni abin ya tsaya mini a rai, don garin ya biya kuɗin famfo sau biyu: sau ɗaya a bakin famfo, sau ɗaya daga guminsu na ƙasar waje.

Tambayar innata ita ce amsar duk wanda ke cewa mutane ba sa son biya. Mutanen Adar suna biya. Suna biyan mai garuwa, suna biyan kuɗin shayar da shanu da raƙuma a bakin shato, suna sayen mai su kunna injin ban-ruwan albasa a Galmi ba tare da an roƙe su ba, don suna ganin abin da kuɗin ya haifar. Abin da suka ƙi shi ne zuba ruwa a kwando.

Wuta kuwa, hannun ƙaramar hukuma ya fi gajarta a kanta. NIGELEC, kamfanin lantarki na ƙasa, wadda aka kafa a 1968, ita ke rarrabawa, farashi kuma daga sama yake saukowa bayan hukumar ARSE, mai sa ido kan harkar makamashi, ta yi nazari. An shafe fiye da shekara 20 ba a yi wa farashin babban gyara ba, sai a Janairun 2018 aka shigo da sabon tsari mai matakai: mai ƙwan fitila da fanka ya biya kaɗan, mai na'urar sanyaya ɗaki ya biya da yawa. Abin da ya daɗe yana riƙe farashin ƙasa shi ne wutar Najeriya mai rahusa, wadda ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha. Yamai ta layin Birnin Kabi, mu da Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yanke ta saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido ba sai bayan ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. A watannin nan kowa ya gane cewa wutar gida, wadda ake ƙona mai a samar, ta fi tsada nesa ba kusa ba, kuma in kuran ya tafi famfo ma yana bin sa. Hanyoyin fita an san su: tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, tashoshin Goru Banda a Yamai, madatsar Kandaji da aka ɗora tubalinta tun 2008 da fatan megawat 130, da gawayin Salkadamna da ke kwance a nan jiharmu ana ta maganarsa. Ba ɗaya cikinsu da ke ginuwa da fatan alheri. Yawanci bashi ne, bashi kuma ko daga faktir za a biya shi ko daga haraji. A ƙasar da kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki, in an biya daga haraji, to mutum huɗu da ke kwana da tocila sun taya na biyar ɗin biya.

Inda magajin gari ke shigowa shi ne fitilun titi da raba filaye. Wanda ya ga Tawa a Disambar 2017, lokacin bikin ranar Jamhuriya da aka yi wa laƙabi da Tawa Sakola, ya ga tituna da fitilu da gine-ginen da garin bai taɓa samu a lokaci ɗaya ba. Ginawa kuɗin biki ne ya yi ta. Kulawa kuwa, sauya batir da ƙwai da yashe magudanar ruwa, ta faɗo kan kasafin gari, wanda harajin kasuwa da na tasha da sayar da filaye ke ciyarwa. Sayar da filayen nan shi ne babban ramin da muke haƙa wa kanmu. Ana yanka fegi a sayar, a kashe kuɗin a albashi da hidimar yau da gobe, ba a ja tiyo ba, ba a kafa turken wuta ba. Bayan shekara biyar unguwa ta cika da mutane, sai a koma ana zargin kamfanin ruwa. A ƙidayar 2012 jihar Tawa ta haura mutum miliyan 3, kuma a lokacin an ƙiyasta al'ummar Nijar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, wato tana ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. Shaton da ya ishi gari jiya ba zai ishe shi gobe ba ko da ba abin da ya lalace. A ganina bai kamata a sayar da fegi ko ɗaya ba sai an ware kuɗin tiyo da turke daga cikin kuɗinsa, a asusun da ba a taɓawa.

Masu adawa da ƙari suna da wasu hujjoji biyu da ba a isa a tsallake ba. Na farko bashin ma'aikatu. Sananne ne cewa ofisoshin gwamnati da na ƙananan hukumomi kan tara faktir ba su biya ba, kuma ba a saurin yanke musu kamar yadda ake yanke wa mai shago. Ba a ce wa mai faktirin jika uku ya ƙara alhali mai bashin miliyoyi yana sha. Na biyu yoyo. Duk tiyon da ya fashe ya kwana uku yana malala a titi, ruwa ne da aka riga aka ƙona wuta aka ɗago. A ƙauye ma haka: in ba a gwada kwantar bakin rijiya da kwantocin famfuna duk wata, ba wanda zai san ko ruwa ne ke zuba a ƙasa ko kuɗi ne ke zuba a aljihu. Wani lokaci maganin ma ba ƙari ba ne. Garin da ya sauya gurup da faifan hasken rana ya rage kuɗin gazuwal ƙwarai, amma kuma sai a tambaya: rarar da aka samu, asusu ta shiga, ko farashi ya sauka, ko kuwa shiru aka yi?

Saura wurin da za a yi wannan tambaya. Daga zaɓen ƙananan hukumomi na farko a 2004 zuwa na Disambar 2020, akwai majalisar kansiloli, inda ake zaman kasafin kuɗi, kuma ko ba komai kansilan ƙauyenku yana iya miƙewa ya ce ina kuɗin asusun ruwa. Ba duka suka yi ba, da yawa sun yi barci a kan kujera, wannan ma gaskiya ce. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun, aka naɗa kantomomi. Kantoma na iya yanke hukunci da sauri, wani ma ya fi zaɓaɓɓe tsare amana. Amma tunda babu zauren da za a ja da shi, nauyin bayyana lissafi ya ƙaru a kansa, bai ragu ba. Ƙungiyoyin masu shan ruwa da hakimai da limamai da gidajen rediyon gari su ne suka rage su yi tambayar.

In ni za a tambaya, ba zan ƙi ƙari ba, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya riga ƙarin zuwa. A birni kada a taɓa mita-kib 10 na farko. Ƙarin ya hau kan masu sha da yawa, masu wankin mota da masu lambun cikin gida da manyan gine-gine, a kuma faɗi sunan unguwannin da za a ja wa tiyo da kuɗin da watan da za a fara. A sauƙaƙa kuɗin jawo famfo gida, a bari a biya kaɗan-kaɗan, don shi ne katangar da ke tsakanin mai jarka da farashin takarda. A ƙauye kuwa abin bai fi ƙarfin allo da alli ba. A jikin shato a rubuta duk wata: mita-kib nawa aka ɗago, nawa aka sayar, nawa aka sayi gazuwal, nawa aka zuba a asusu, nawa ke ciki yau. A karanta shi da Hausa da Tamajak da Fulatanci ranar kasuwa, don matan da ke biyan dalar su ji da kunnensu. A garin innata an gyara famfon, jarka ta koma dala 3, mata suna biya. Da na koma bayan salla na zagaya shaton ina neman inda aka rubuta abin da ya shiga asusu tun ranar da aka ƙara. Ba a rubuta ba tukuna, kuma na gaya wa shugaban ƙungiyar masu shan ruwa cewa in na dawo da kaka zan sake tambaya.